Kafin Bidiyoyin Mama Su Ƙare

Lahadi, da hantsi

Mama ta tafi can asibiti yau da safe. Baba ne ya kai ta. Ni an ce in zauna in jira Gwaggo.

Kafin ta fita ta miƙo mini tsohuwar wayarta, wadda bayanta ya tsage, ta ce, "Darakta, ga amanarki." Bidiyoyin lissafin ajinmu ne a ciki, na zangon nan gaba ɗaya. Mama ce malamar lissafin aji ɗaya a sakandaren da na shiga bana, kuma ni ma a ajinta nake. Ba ta koyarwa irin ta sauran malamai. A gida muke kallon darasi a waya, mu tsayar, mu mayar baya yadda muke so. Washegari a aji sai mu yi aikin da sauran malamai suke bayarwa a tafi da shi gida, ita kuma tana zagayawa tana neman wanda ya maƙale. Waɗanda ba su da waya sukan kalla a ɗakin karatu kafin a shiga aji.

A hutun da ya wuce muka ɗauke su duka, ni da ita, a gurguje. Ba mu samu mun gyara su ba. Aikina yanzu in yanke wurin tari da wurin da ta yi kuskure, in tura gurup ɗin aji ran Lahadi da ran Laraba.

A bakin ƙofa na tambaye ta yaushe. Ta gyara mayafin da take naɗewa a wuya, ta ce, "Kafin bidiyoyin nan su ƙare na dawo. Na ƙarshen ma ai tare za mu ƙarasa shi."

Suna da yawa. Na duba.

Litinin, bayan makaranta

Malam Dogo aka ba mu ya riƙe ajin. Malamin 'yan aji uku ne, in zai shigo sai ya sunkuya. Ya ce shi bai saba da wannan koyarwa ta kifa-da-juya ba, amma Malama ta roƙe shi kada ya taɓa mata tsari, kuma ba zai taɓa ba. Ya ce, "Ita ce malamar, ni ɗan sintiri ne." Aka yi dariya.

Rediyo, wadda muke benci ɗaya da ita, ta dame ni da tambaya. Rediyo ake ce mata don har yau ba a gano makashinta ba. "Ina Malama ta je? Haihuwa za ta yi?" Na girgiza kai. "Kwas aka tura ta?" Na buɗe littafina. Ta ce, "Ke dai gara bango da ke, shi in an ƙwanƙwasa yana amsawa."

Laraba, da yamma

Na gyara na yau na tura.

A ɗakin Mama nake yi, inda muka ɗauka. Komai yana nan yadda muka bari. Baba mai gyaran firji ne, shi ya ciro mana gilashin cikin wani mataccen firji, muka ɗora shi a kan gwangwanayen fenti biyu. A kifa waya a kan gilashin, takarda a ƙasa. Fuskar Mama ba ta fitowa, hannunta kawai, da zobenta, da biro ja da shuɗi. Shuɗi na aiki ne, ja na wurin da yara suke faɗawa rami.

Maƙwabcinmu kafinta ne, shi ya sa sai ya tafi cin abinci muke ɗauka. Mama takan ce, "Darakta, leƙa mana ko sarkin guduma ya ajiye makami." In na ce ya ajiye, mu rufe taga, ta kurɓi ruwan ɗumi, ta ce, "To, bismillah, danna."

Abubuwan da na yanke yau: tari, da wani tarin, da wurin da ta ce, "Ke, numfashinki yana shiga, matsa baya," da wurin da ta rubuta bakwai a maimakon tara ta ce, "Ka ji malamar lissafi," muka yi ta dariya har wayar ta zame daga gilashi.

Ta ce in na yanke in goge don wayar ba ta da fili. Na yanke dai.

Alhamis, da rana

Yau aka ce za a yi abin, aikin maƙogwaron Mama. An ɗaga.

Asabar, da safe

Gwaggo, yayar Baba, ta kwashe kicin ɗin Mama ta sake masa tsari. Cokula sun koma inda kofuna suke. In ta shiga wanka nakan mayar da kofin Mama wurinsa.

Tun ina ƙarama Bebiya take ce mini. "Bebiya, zo ki karya." "Bebiya, wa ya cinye miki harshe, mu je mu karɓo?" Yau ta tarar da ni da abin ji a kunne ta ce, "Uwarki ta mayar da yara 'yan kallo. Mu a zamaninmu malami yana gabanka, bulala tana bayanka, lissafi ya rasa ta inda zai gudu." Na tambaye ta ko ta iya shi. Ta ce, "Na iya wanda ba a cutata da shi a kasuwa. Ashe kina magana."

Talata, bayan makaranta

An yi abin jiya.

Baba ya dawo da rana ya yi wanka ya canza kaya zai koma. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "Da sauƙi." Na ce ko zan iya gaishe ta a waya. Ya ce an hana ta magana tukuna. Na ce to ya tafi da ni. Ya ce ba a barin yara.

Na gama firamare fa.

Laraba, da yamma

A bidiyon yau Mama ta ce, "Ku tsayar a nan, ku gwada da kanku, ina jiranku." Sai ta ɗora biro ta yi shiru. Ni ban tsayar ba. Na bar shi yana tafiya, hannunta yana kwance a kan takarda, babban yatsanta yana juya zobe. Na faɗi amsar da ƙarfi a ɗakin. Ta ce, "Yawwa, kun gani?"

A aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ko lokacin da take nan. Ba ta taɓa matsa mini ba. In ta zo bencinmu sai ta ɗan taɓa littafina da yatsa ta wuce.

Juma'a, da yamma

Da sauƙi.

Lahadi, da hantsi

Da sauƙi, in ji Baba. Takalmansa duk ƙura, shagonsa a rufe tun wancan makon. Wani mai shagon lemo ya zo har gida yana faɗa a kan firjinsa. Gwaggo ta fita ta ce masa, "Bawan Allah, lemonka zai yi zafi ne kawai, ba suma zai yi ba." Ta ɗan rage murya ta ƙara masa wata magana. Sai na ji ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, wallahi ban sani ba," ya tafi.

Talata, da yamma

Ina wanke-wanke Baba ya shigo kicin ya ja ƙofa, bai lura ina bayan gida wajen famfo ba. Taga a buɗe take. Ban ji duka ba. Na ji "sai an ƙara wani zagaye", na ji "makonni". Na ji Gwaggo ta ce, "To, koyarwar tata fa?"

Da ya fita Gwaggo ta leƙo ta ce, "Beb—" sai ta tsaya. Ta ce, "'Yar nan, shigo da kwanukan haka, sun fita."

Har na kwanta ba ta sake faɗar wancan sunan ba.

Laraba, da yamma

Na sake duba wayar. Ba su da yawa kamar yadda na zata.

Na yau a kan kasa abu ne, rabi da sulusi da rubu'i. Yana da ɗan tsawo. A tsakiyarsa akwai wurin da Mama ta juya takarda. Na raba shi biyu a wurin, na tura na farkon, na rubuta a ƙasa: Kashi na ɗaya.

Ba ƙarya na yi ba. Duk abin da Mama ta faɗa zai kai gare su, a hankali ne kawai.

Alhamis, bayan makaranta

Ba wanda ya ce komai. Har murna wasu suka yi don ya yi gajere. Rediyo ta ce, "Malama ta iya koyarwa, darasin rabi da rabin bidiyo." Malam Dogo ya gama aikin da ya tanada tun kafin a kaɗa ƙararrawa, ya tsaya yana kallon agogo, daga baya ya sa muka yi ta maimaita na makon jiya.

Lahadi, da yamma

Kashi na biyu.

Na sake lissafawa. In na raba kowanne biyu za su kai mu bayan jarrabawa. In na raba dogayen uku, har cikin hutu.

Talata, da rana

Gwaggo ba ta da sunan da za ta kira ni da shi yanzu. "Ke." "'Yar nan." Jiya har "Hajiya" ta ce. Gara ta koma na da.

Alhamis, da yamma

Na haɗa duk abubuwan da na yanke wuri ɗaya, ban da tarin. In na sa abin ji na rufe ido kamar tana ɗakin tana aikena. Miƙo ruwa. Gyara gilashin ya karkace. Kin ci abinci kuwa? Wannan yaron na bayan aji in bai kalli wannan ba zan ja masa kunne. Darakta, ya na yi?

Akwai wurin da ta ce, "Muryar nan dai," ba ta ƙarasa ba. Shi nakan tsallake.

Wayar tana ta nuna mini cewa ta cika. Na goge hotunana na ranar gama firamare.

Litinin, bayan makaranta

Bidiyon jiya ba shi da wurin juya takarda, sai na yanke shi inda ta ja numfashi. Ashe a tsakiyar magana ne. Ta ce, "Idan kusurwa biyu suka haɗu a kan miƙaƙƙen layi, to," sai ya ƙare.

Yau duk ajin "to" ake yi. Wani ya ce, "Ara mini biro, to." Rediyo ba ta yi dariya ba. Ta ce ta mayar da shi baya ya fi a ƙirga tana zaton wayar yayanta ce ta lalace, har suka yi faɗa. Ta ce mini, "Ni fa a firamare ko ɗaya ba na ci a lissafi. Sai da Malama ta zo na gane ashe ba daƙiƙiya ba ce ni, saurin malamai ne ya yi mini yawa. Ki gaya mata ta daina yanke mana magana a baki."

Na ce to.

Laraba, da yamma

Da sauƙi.

Juma'a, bayan makaranta

An yi mana gwajin tsakiyar zango tare da ɗaya ajin, wanda wani malami yake koyarwa a allo. Takarda ɗaya aka ba mu. Rabin tambayoyin a kan alwatika da kewaye ne. Su sun yi, mu ko kusa ba mu kai ba.

Ni na iya su duka, ina wurin aka ɗauka. Na amsa waɗanda aka tura darasinsu kawai, na bar sauran fili.

Rediyo ta kifa kai a benci har aka tashi. Ban taɓa jin ajinmu shiru haka ba.

Litinin, bayan makaranta

Shugabar makaranta ta shigo ajinmu da takardun gwaji a hannu. Ta ce tun farko ita ba ta gamsu da karatun waya ba, Malama ce ta nace, aka ce a gwada. Ta ce ga sakamako ya nuna. Ta ce in jarrabawar ƙarshen zango ta zo a haka, a allo za a koma, kowa ya huta.

Ta ce "aka ce a gwada" kamar Mama wata ce da ta taɓa aiki a nan da daɗewa.

Da aka tashi Malam Dogo ya ce in tsaya. Ya zauna a kan bencin gaba don kada ya yi mini tsawo. Ya ce, "Ni na ɗauka Malama ce ta ce a riƙa raba su. Ita ce?"

Na kalli takalmina.

Ya ce, "Ko sun kusa ƙarewa ne kike tattali? In sun ƙare ki gaya mini, ba abin kunya ba ne. In ɗauki alli in ƙarasa."

Na ce ba su ƙare ba. Da ƙarfi ya fito, har shi ya ɗan ja baya.

Ya juya allin a hannu. Ya ce, "Shekara biyu mahaifiyarki tana faɗa a ɗakin malamai kafin a bar ta ta yi wannan abin. Ni ma ina cikin masu yi mata dariya. Ba zan so a ce a hannuna ya mutu ba." Ya miƙe ya ce, "Ba zan kira babanki ba, yana da abin da ya ishe shi. Ke za ki san abin yi."

Talata, da yamma

Ban je makaranta ba. Na ce cikina ne. Gwaggo ta taɓa goshina ta ce, "Wannan ciwon a ido yake, ba a ciki ba," amma ta bar ni.

Da rana ta shigo ɗakin Mama da tsintsiya ta tarar da ni. Ta zare abin ji ɗaya daga kunnena ta sa a nata. Daidai wurin da Mama take cewa, "In Gwaggonki ta zo ki ɓoye mini kofina, ta fiye fasa kaya." Gwaggo ta ce, "Ka ji sharri. Sau ɗaya fa na fasa." Ta zauna a bakin gado da tsintsiyar a cinya, muka ji har ƙarshe.

Na gaya mata abin da na yi. Ban san ta yadda ya fito ba. Na gaya mata abin da Mama ta ce a bakin ƙofa.

Ta jingine tsintsiyar a jikin gado. Ta ce, "Ni ban san bidiyo ba. Amma lokacin da mijina yake kwance na ƙi wanke rigar da ya cire, wai sai ya dawo ya sa ta sake datti in haɗa. Ba rigar ce ta riƙe shi ba, ba ita ce ta sake shi ba." Ta share hanci da bakin zane ta ce, "Tashi ki ba 'ya'yan mutane karatunsu."

Laraba, da yamma

Na gyara su duka tun safe. Alwatika, kewaye, faɗin fili, da'ira. Na tura su a jere, cikakku. Wayar ta yi zafi a hannuna.

Saura ɗaya.

Juma'a, bayan makaranta

Malam Dogo ya raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da darasinsa, su koya wa sauran. Har ran Asabar ya ce a zo. Rediyo ta dawo da surutu. Ta ce a kwana biyu ta kalli Malama fiye da yadda ta kalli uwarta. Sai ta kalle ni ta ce, "Au, yi haƙuri." Ban san abin da ta sani ba.

Malam ya ce faɗin da'ira ne kaɗai ya rage, kuma yana fitowa a jarrabawa duk shekara. Ya ce, "Lahadi ko?" Na ɗaga kai.

Juma'a, da la'asar

Na ƙarshen ban taɓa buɗe shi ba tun da muka ɗauka. Na san abin da ke ciki.

Mama ta yanka da'irar takarda ƙanana-ƙanana daga tsakiya, za ta jera su kai da ƙafa su zama kamar murabba'i mai tsawo. Ta fara jerawa. Muryar tana fita tana ɗaukewa. Ta sha ruwa ta sake, ta sha ta sake. Daga nan iska kawai take fita. Ta ajiye almakashi ta ce, a hankali sosai, "Kashe, Darakta. In na dawo."

Yankakkun takardun suna nan ƙarƙashin gilashi. Ko Gwaggo ba ta share su ba.

Baba ya shigo ɗazu ya ce in shirya gobe da safe. Ya ce, "Mamanki ta ce ki zo da waya, da birrukan, da da'irar. Ta ce kin san wacce."

Asabar, da yamma

Na nannaɗe gilashin a tawul na rungume shi a mota. Baba ya ce ba ta ce a zo da shi ba. Na ce ba ya yiwuwa sai da shi. Kwandasta ya ce, "'Yammata, wannan ma kujera za a biya masa?" Baba ya yi dariya, rabon da in ji haka na manta.

Ɗakin asibitin dogo ne, gadaje a jere, nata a bakin taga. Ta rame. Ban kalli wuyanta ba, fuskarta na kalla. Ta buɗe hannu na shiga. Ba ta ƙamshin gida.

Akwai ɗan allo fari a gefenta da take rubutu a kai. Ta rubuta: Kashi na ɗaya? Ta ɗaga gira.

Na ce wa ya gaya mata.

Ta rubuta: Ina gurup ɗin, kin manta.

Kunya ta rufe ni. Na ce me ya sa ba ta hana ni ba. Ta goge allon da gefen hannu, ta daɗe tana riƙe da alƙalamin. Ta rubuta: Ni ma na so su daɗe. Ta ƙara a ƙasa: Mu biyu muka cuci yaran nan. Tashi mu biya su.

Baba ya samo robobin ruwa biyu muka ɗora gilashin a kan teburin cin abincinta. Na kifa waya. Ta jera yankakkun takardun yadda ta bar su. Zoben ya koma yatsan tsakiya, ya yi wa wanda take sa shi a da girma. Ta nuna hannunta, ta nuna takarda. Sai ta nuna bakina.

Na ce ba zan iya ba. Na ce a kira Malam Dogo. Na ce a rubuta a ƙasan bidiyo. Ta dai bar yatsan a inda yake.

Tsohuwar da ke gadon kusa ta ce, "Ke 'yar nan, yi mana. Mu nan ba talabijin, tun safe bango muke kallo."

Na farko muryata ba ta fito ba. Na biyu na yi gudu kamar ana bina, Mama ta buga biro a gilashi. Na uku nas ta shigo da keken magani yana ƙara. Na huɗu na daina kallon waya, na kalli hannunta kawai. In ta ɗauki yanki in faɗi abin da take yi. In ta ɗauki jan biro in ce, "A nan ake faɗawa rami, ku kula." Da ta gama jerawa na ce tsawon nan rabin kewayen da'irar ne, faɗin nan kuma daga tsakiya zuwa baki. Ta ɗora biro. Na ce, "Ku tsayar a nan, ku gwada da kanku."

Tsohuwar ta ce, "Ai sai a ninka wannan da wancan." Na ce, "Yawwa, kun gani?" Mama ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, ba sauti.

Da za mu tafi ta rubuta: Kar ki yanke tsohuwar.

A mota na tambayi Baba ko za ta sake magana. Na jira ya ce da sauƙi. Ya kalli titi ya ce, "Ban sani ba. Su ma ba su sani ba tukuna." Ya karɓi gilashin ya riƙe mini har gida.

Lahadi, da yamma

Na haɗa rabinta da rabina na tura.

Sun ƙare. Ba ta dawo ba.

Litinin, bayan makaranta

Na so in ce cikina ne, Gwaggo ta riga ta miƙo mini jakata.

Ina shiga aji aka juyo. Wani ya ce, "Ga ƙaramar Malama." Na zauna na buɗe littafi a kife. Malam Dogo ya raba takarda da almakashi, kowa ya yanka da'irarsa, bai kalle ni ba ko sau ɗaya, na gode masa a zuciya. Wasu suna ta tambayar wace ce tsohuwar da ta riga su amsa.

Rediyo ta matso ta ce, "Ashe da murya a jikinki kika bar ni ina ta yi ni kaɗai." Ta yanka takardarta a karkace ta sake. Ta ce, "Kin san wani abu? Da farko ban gane an canza ba. Akwai wurin da kika yi sak Malama."

Na ce ina.

Ta ce, "Oho, nemo da kanki."

Litinin, da la'asar

Na nema. Na rufe ɗakin Mama na cire abin ji, na sa shi a fili. Muryata siririya ce, tana rawa, tana haɗiye ƙarshen kalma. Ba ta kama da ta kowa. Na kai ƙarshe na dawo farko. Kafinta yana ta bugu, ban rufe taga ba.

Sai kusa da ƙarshe, bayan tsohuwar ta amsa. "Yawwa, kun gani?" Na mayar baya. Na ƙara sauti na sake mayarwa.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Gwaggo ce, hannunta duk kumfa, ɗankwalinta ya zame. Ta kalli gado, ta kalli bayan ƙofa, sannan ta kalle ni da wayar.

Ta ce, "Na zaci..."

Ta goge hannu a zane, ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Mayar da shi baya."